Itacen Da Ka Bari Tsaye, Na Wane Ne?

 In da hali, ka tara mutanen gidanka bayan tuwon dare a karanta wannan 'yar takarda kowa ya ji, gama maganar da ke cikinta ta shafi maigida da uwargida, ta shafi yaro mai kiwo, har da jikan da ba a haifa ba tukuna. Ni manomi ne, dattijo a ikilisiyar wani ƙauye tsakanin Galmi da Malbaza. Karatuna bai wuce na firamaren mishan ba. Amma akwai wata tambaya da na yi guzurinta daga wata tafiya, ina so mu auna ta tare.

TAFIYAR DA BA SAƘO

A watan Janairu na 2019 na tafi Abijan ganin babban ɗana, wanda ya ke biɗa can kamar samarin Adar da yawa. Ran Jumma'a da dare ya ce mini, "Baba, gobe Asabar ba ni da aiki. Zan kai ka yawo daji." Na ce, "Me za mu ɗauko?" Ya ce, "Ba kome." Na ce, "To, wa za mu gaisar?" Ya ce, "Ba kowa, Baba. Tafiya kawai za mu yi, mu gani." Na yi dariya. A garinmu wanda ya shiga daji ba gatari, ba igiya, ba kuwa dabbarsa ce ta ɓace ba, sai a soma tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Amma tun da shi ke ni baƙo ne, na bi shi.

Sunan dajin Banko. A tsakiyar birni ya ke, unguwanni sun kewaye shi, Yopugon a wannan gefe, Abobo da Ajame a wancan. Faɗinsa ya fi hekta 3,000, kuma tun 1953 hukuma ta keɓe shi, ta hana sara da noma da farauta a ciki. Muka isa da sassafe, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da wani ma'aikacin daji mai nuna hanya. Shi yana Faransanci, ɗana yana juya mini.

Ba mu yi nisa ba sai ƙarar motoci ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Hazo ya sauko ya lulluɓe kome. Amma ba irin hazonmu ba ne. Namu na lokacin ɗari ƙura ce, ta kan busar da maƙogwaro, ta sa faso a diddige. Nasu kuwa ruwa ne da ke tasowa daga teku yana yawo cikin iska. Ya jiƙa mini hula da gemu, ganyaye suna ta ɗiga a kanmu alhali ba hadari. Na ɗaga kai in ga ƙarshen itatuwa har hulata ta faɗi, ban gani ba, sun shige cikin hazo. Waɗansu saiwoyinsu sun fito waje kamar bangon ɗaki, irin na rimi, har mutum ya iya ɓuya a tsakaninsu. Ƙasa baƙa ce mai taushi, tana ƙanshi kamar ranar da aka yi ruwan shuka. Can sama birai suna tsalle, ba mu ganinsu, sai motsin rassa. A kwari kuma ga wani rafi mai ruwa garau, shi ne Banko, wanda dajin ya ci sunansa.

Mun yi wajen awa huɗu muna tafiya. Da fari zuciyata lissafi ta ke ta yi: wannan zai yi turmi goma, wancan zai rufe ɗakin sujada da shi kaɗai. Sannu a hankali lissafin ya ƙare, na yi shiru. Na tuna rabona da tafiya ba gaggawa tun ina yaro. Da muka zauna shan ruwa, ɗana ya nuna mini hoto a wayarsa. Ya ce a bakin teku a Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani daji da aka keɓe a 1968, inda itatuwa ke wuce mita 100 a tsawo, waɗansu sun kai shekara 2,000, kuma da rani hazon teku su ke sha ta ganyensu, sauran ya ɗiga ƙasa ya shayar da saiwa. Amma kafin a farga an sare kusan duka tsofaffin, abin da ya rage bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Na ce ashe gatari ba shi da ƙabila.

GUNGUMEN DA YA BA NI HAUSHI

Muna cikin komowa sai muka tarar da wani ƙaton itace ya faɗi a gefen hanya, yana ruɓewa, gansakuka ta rufe shi. Nan take raina ya ɓaci. Na tuna da matata, yadda ta kan fita tun da duhu da ita da 'yan mata neman itacen girki, su dawo da hantsi da ɗan abin da bai kai tuwon kwana biyu ba. Na tuna gidajen da a ke dahuwa da kara da kashin shanu. Wannan gungume ɗaya ya ishi unguwarmu damina guda. Ga shi an bar wa gara.

Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, ba matalauta a garin nan ne?" Ma'aikacin bai ji haushi ba. Ya sa hannu ƙarƙashin gungumen ya ɗebo baƙar ƙasa ya zuba mini a tafi. Ya ce, "Tsoho, wannan da ka ke gani itacen jiya ne, shi ne abincin itacen gobe. Ƙarƙashin dajin nan kuma akwai ruwa kwance, daga nan a ke jawo babban kashi na ruwan da birnin ke sha. Mutanen Abijan sun fi miliyan 5. In aka ce kowa ya ɗauki dami ɗaya tak, wata nawa ka ke tsammani dajin zai yi?" Ya ƙara da cewa ƙasarsu ta taɓa mallakar kurmi wajen hekta miliyan 16, amma gonakin koko da masu katako sun cinye mafi yawansa.

Ban sami abin amsa masa ba. Amma da muka fito na ga gidajen talakawa sun matso har gindin itatuwa, na ga wata mata tana hura gawayi da goyo a bayanta. Daga baya, wajen 2022, ɗana ya gaya mini an gina doguwar katanga a gefen dajin domin a tsare shi. Ma'aikacin yana da gaskiya. Matar nan ita ma tana da tata gaskiyar. To, ga tambayar: in mai bukata na yau yana tsaye a gabanka, mai bukata na gobe kuwa ba a ko haife shi ba, wa ya fi cancanta da itacen? Itacen da aka bari tsaye, na wane ne?

ABIN DA NA YI INA YARO

Kada ka ce wannan maganar mutanen kurmi ce. Kakana ya kan ba mu labari, a zamaninsa tsakanin ƙauyenmu da Dogarawa mutum ɗaya ba ya tafiya da dare saboda duhun daji da kuraye. Akwai marke da ƙirya da tsamiya, akwai barewa da zabin daji. Yanzu yaro ya kan tsaya a bakin gari ya hangi rumbunan ƙauyen gaba.

A gonar mahaifina akwai gawo bakwai. A yunwar 1984, wadda mutane suka yi wa laƙabi da El Buhari domin a shekaran nan aka rufe iyakar Nijeriya, ina ɗan shekara goma sha uku. Hatsi bai yi ba. Muka sassare rassan gawon muka ba dabbobi, da dabbobin suka ƙare muka kayar da biyu muka faskara muka kai bakin titi, da kuɗin aka auno tsaba. Ni na riƙe wa mahaifina igiyar jaki. Ba na ganin laifinsa a kan waɗannan biyu, gama da su aka ceci ran ƙannena. Ran mutum ya fi itace, ba a ja a nan.

Amma sauran biyar ɗin fa? Ni na sare su da hannuna bayan na zama maigida, a shekarun da ba yunwa. Ɗaya na sayar na yi sayayyar biki. Ɗaya na ce yana tara tsuntsaye. Sauran ban ma tuna dalili ba. Da yunwa ta koya wa hannuna gatari, yunwa ta tafi, hannun bai manta ba. Bayan haka gonar da ke ba mahaifina dami tamanin ta koma ba ni talatin da kyar, iska tana binne shuka, sai na sake iri sau biyu ko sau uku. Na riƙa cewa zamani ne ya lalace.

Kowane manomi ya san halin gawo. Da damina ya kan zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, shi ya kan yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo. Na san wannan duka, na kuwa sare. Ashe sani kaɗai ba ya tsare hannun mutum.

AMSA UKU DA BA SU ISA BA

Na farko ya ce, "Nawa ne. Gonata ce, gatarina ne." Amma ka tambayi kanka, kai ka shuka gawon nan? Akuyar wani ce ta kayar da ƙwayar tun ba a haife ka ba, ruwan sama ya raine shi, mahaifinka ya kewaye shi da hauya shekara da shekaru. Ka tarar da shi ne kamar yadda ka tarar da rijiyar gari. In kowane abin da mutum ya tarar nasa ne ya cinye, da kai ma ba ka tarar da kome ba.

Na biyu ya ce, "Na gwamnati ne." Mun ga amfanin wannan amsa, mun ga kuma iyakarta. Ba don doka ba, da dajin Banko ya daɗe da zama unguwa. A ƙasarmu ma gandun dajin W, wanda aka keɓe a 1954, doka ce ta sa giwa da ɓauna suka sami mafaka a cikinsa. Amma a gonakinmu, a shekarun da manomi ke tsoron tara in ya taɓa itacen da ya tsiro a gonarsa, me ya faru? Kowa ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa magana. Abin da aka ce na gwamnati ne sau da yawa ya kan zama marar uwa marar uba.

Na uku ya ce, "Na Allah ne, shi ya tsiro da shi, zai kuma tsiro da wani." Bakinsa ya faɗi gaskiya, amma ya mai da gaskiyar mayafin ƙyuya. Hatsi ma Allah ke ba da shi, duk da haka ba wanda ke cinye iri ya ce Allah zai kawo wani. In itace na Allah ne, ai wannan dalili ne na ƙara jin tsoron taɓa shi ba bisa ƙa'ida ba.

Kalmar da ta warware mini ƙullin ita ce amana. A Littafin Farawa sura 2, aiki biyu aka ba mutum a gonar farko, watau noma da tsaro. Mu mun riƙe na farko mun yar da na biyu. A Littafin Firistoci sura 25 an nuna wa Isra'ilawa cewa ƙasar ta Ubangiji ce, su baƙi ne a kanta, har an umarce su su bar ta ta huta a shekara ta bakwai. A Maimaitawar Shari'a sura 20, ko mayaƙan da suka kewaye birni da yaƙi an hana su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya. Mai riƙon amana yana da izinin ci daga abin da ke hannunsa. In Bafillace ya karɓi kiwon saniyarka, ya sha nono, ba wanda zai zarge shi. Ran da ya yanka saniyar, ran nan ya ci amana. Haka itace ya ke. Reshe da ganye da 'ya'ya su ne nonon. Gindin kuwa ajiya ce, mai ita zai tambaya, jikanka kuma yana jira.

Mu kan zagi mai alheri ga bare da cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Amma a sha'anin itace, na nesan nan jininka ne. Shekaru ne kawai suka nisanta shi da kai.

ABIN DA MAƘWABTANMU SUKA YI

Wani zai ce, "Dattijo, maganarka da daɗi, amma tukunya ba ta dahuwa da amana." Gaskiya ne. Bari in nuna maka wuraren da aka sami itace da tuwo tare, ba a ƙasar Turawa ba, nan kusa da mu.

A kwarin Majiya, wajen Buza, iska ta kan kwashe ƙasa ta karya hatsi. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji da mutanen ƙauyuka suka soma dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin jeri da jeri mita 100. Cikin shekara goma jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Da aka auna, hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga kuma azara da itacen wuta daga rassan da a ke yankewa. Wannan Majiyar ce ta gangaro ta wuce ta ƙasarmu har Ƙonni.

A ƙasar Illela, a kan tudun da ya zama faƙo, ko ciyawa ba ta fita. A 1989 aka kai waɗansu manoma ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda a ke haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, gara ta huda ƙasa ruwan ya nutse. Suka dawo suka gwada. Shi ne tassa, da ɗan'uwansa rabin wata. Cikin 'yan shekaru aka rayar da dubban hektoci wajen Badagishiri da kewaye, har faƙon da a dā ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa. A cikin ramukan nan kuma, daga ƙwayoyin da ke cikin taki, itatuwa suka tsiro da kansu.

A Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗin SIM mutumin Ostireliya, Toni Rinaudo, ya gaji da dashen da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da mu ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, da saiwoyinsu can cikin ƙasa. Ba sai an dasa ba, sai dai a bari. A yunwar 1984 aka haɗa taimakon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da taimakon ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba tilas ba biya. Shi ne sassaben zamani. Bayan wajen shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta duniya, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Yatenga wanda ya gyara aikin ramukan nan.

Ka lura da abu biyu. Abin da aka bari domin buhun abinci, gatari ya koma kansa. Abin da aka bari domin zuciya ta yarda, shi ya tsaya. Na biyu kuma, mafi yawan manoman da suka yi wannan aiki maƙwabtanmu ne Musulmi. Su ma sun san kalmar amana, da yawansu sun riga mu aikata ta. Wannan ya isa ya sa mu sunkuyar da kai mu koya.

Yadda a ke yi ba wuya. Lokacin sassabe, in ka zo kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo ko magarya, ka zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka yanke sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka rage rassan ƙasa har wajen rabin tsawon. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Abin da ka yanke shi ne itacen girkin uwargida.

RANAR DA NA ZAMA KATANGA

Da na komo daga Abijan na soma barin toho a gonata. Cikin shekara uku waɗansu sun wuce kaina, har da 'yan gawo huɗu da na ke ji da su kamar 'ya'ya. Wata safiya da rani na je na tarar an sare biyu daga gindi. Na bi sawu har ƙofar wani gida. Gidan wata gwauruwa ce ta ikilisiyarmu, mai marayu huɗu.

Na koma gida ina huci, na ce sai na kai ta gaban maigari. Matata ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, ba kai ne ka ba mu labarin gungumen Abijan ba? Ka ce ranka ya ɓaci don an hana matalauta. Yau ga shi kai ne katangar." Na rasa ta cewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da na kayar da manyan gawo biyar ba yunwa, ina neman hukunta wadda ta sare ƙanana biyu don ta dafa wa marayu.

Da yamma na je tare da matata. Matar ta durƙusa ta ce, "Baba, na yi laifi. Kwana biyu ina neman kara, duk an kwashe an sayar." Na ce, "'Yata, tashi. Laifin da ki ka yi gaskiya ne, gama abin da ki ka ƙone cikin kwana uku, shekara uku ya yi yana girma, kuma da ki da 'ya'yanki za ku sha inuwarsa. Amma nawa ya fi naki. Ina dattijo, ban san murhunki ya mutu ba." A shari'ar Musa an umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo. Ni na tsare wa jikana rabonsa, na manta da rabon gwauruwa.

Ga abin da muka shirya. Duk lokacin da zan gyara itatuwana, ita da yaranta su zo, rassan da aka yanke nasu ne. Samarin ikilisiya suka yi gayya a gonar da mijinta ya bari, suka zaɓi kututture sama da talatin suka gyara, suka ɗaura musu tsumma don a san an bar su da gangan. Matan zumunta suka gina mata murhun laka mai rage cin itace. Ba zan ce maka kome ya gyaru ba. Ɗaya daga cikin gawon nan bai sake tohowa ba. Har yanzu a kan yi mini sara da dare, ban san ko su wane ne ba, wani lokaci raina ya kan ɓaci. Amma bana daga gonarta ta ke samun rabin itacen da ta ke girki da shi.

Nan na ga amsar tambayata. Mai bukata na yau da mai bukata na gobe ba abokan gāba ba ne, sai in mun bari abu ya kai ga gindi. Wanda ya tsare gindi ya kuma buɗe hannu da rassa, ya ba kowannensu hakkinsa. Tsaro ba jinƙai ya kan sa matalauci ya zama ɓarawo. Jinƙai ba tsaro kuma ya kan bar kowa a rana.

KAI FA?

Ya ɗan'uwana, ba sai ka je Abijan ba. Ran Lahadi mai zuwa, bayan an tashi sujada rana ta yi sanyi, ka ɗauki 'ya'yanka ku tafi gona, ka bar gatari a gida. Ku yi tafiyar da ba saƙo. Ka nuna musu aduwa da kurna da bagaruwa, ka gaya musu sunan kowanne da maganin da a ke yi da shi, gama yaron da bai san sunan itace ba, ba zai ji zafin faɗuwarsa ba. Ka nuna musu inda itatuwan kakansu su ke a dā, ka faɗa musu gaskiyar wanda ya sare. Sa'an nan ku ƙirga kututture masu toho. Kowane yaro ya zaɓi ɗaya ya zama nasa abin lura.

In kun dawo, ku tambayi juna: a cikin abin da mu ke sarewa, wanne ne na bukata, wanne ne na sabo kawai? Wace gwauruwa ce a unguwarmu murhunta ya mutu ba mu sani ba? Tun 1975 a kan yi bikin dashen itace a ƙasarmu ran 3 ga Agusta. Kafin ranar ta zagayo, ikilisiyarku ta iya yin gayya a gonar marayu ko guda ɗaya.

Ni dai na san ba zan ga 'yan gawona sun kai girman na mahaifina ba. Jikata ta fari tana koyon tafiya yanzu. Ina roƙon Ubangiji ya gafarta mini biyar ɗin da na kayar, ya kuma ba ta ranar da za ta ajiye ƙwaryar fura a inuwar waɗanda na bari. Kai ma Ubangiji ya ba ka hannu mai tsaron amana da zuciya mai tunawa da matalauci. Amin.